Allura da Zare a Ƙasar Guci: Kalmomin Ɗinkin Gida da Matsalar Fassararsu

Tsakure

Wannan maƙala tana duba kalmomin da Hausa take amfani da su wajen ɗinkin hannu na cikin gida, tare da ɗaukar ƙasar Guci, cikin jahar Damagaram, a matsayin misali. Tana nuna cewa dabarun da Faransanci yake kira « matelassage », « patchwork » da « appliqué » sun daɗe a ƙasar Hausa, kuma akwai kalmomin da za a kira su da su, sai dai kalmomin a warwatse suke tsakanin fada, kasuwa da ɗakin mata. Tana kuma nuna cewa ma'anar « loisir », wadda ake cewa Hausa ba ta da ita, tana nan cikin ƙirar kalma da ginin jimla. A ƙarshe an kawo shawarwari ga masu shirya littattafan koyarwa.

0. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙarami ne. An ba wani ɗalibinmu, haifaffen ƙasar Guci, aikin mayar da wani ɗan littafin koyon ɗinki daga Faransanci zuwa Hausa, don amfanin wata cibiyar koyar da mata sana'a. Aiki ya tafi masa daidai har ya iso babin da aka sa wa suna « loisirs créatifs ». A nan ya ci karo da kalmomi uku da muka ambata a sama, ga kuma sunan babin kansa. Ya duba ƙamus bai sami abin da ya gamsar da shi ba, sai ya hausantar da lafazinsu kawai, ya rubuta matalasaji, facuwak da afilike. Da ya je hutu gida ya nuna wa gwaggonsa hotunan littafin, ta gane kowane aiki, har ta fito masa da wata shimfiɗar jariri da ta harhaɗa da ƙyallayen atamfa. Kalmomin da ya rubuta kuwa, ko ɗaya ba ta gane ba.

Wannan matsala ta wuce ɗalibi ɗaya da littafi ɗaya. Tun 1973, shekarar da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake fama da neman keɓaɓɓun kalmomi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, ƙa'idar rubutu ta 1999 ta daidaita baƙaƙe, sannan a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan buƙatar littattafan sana'a cikin Hausa sai ƙaruwa za ta yi. Idan aka cika su da kalmomin da masu sana'ar ba su sani ba, za a wayi gari malama tana koya wa mata sunan abin da iyayensu suka riga ta iyawa, cikin wata Hausa da ba a ji a gidan kowa.

1. Wurin da ake magana a kai

Guci ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudu maso gabashin birnin Damagaram. A da tana cikin gundumar Magarya, amma tun 2011, da aka raba gundumar, ta koma ta Dungas tare da Dogo-Dogo da Malawa. Yanki ne na noma da kiwo, mai yawan jama'a, wanda fuskarsa ta ciniki take duban kudu. Daga Dungas ana faɗawa Maigatari, daga Magarya ana faɗawa Ɓaɓura, hanyoyin biyu kuma suna ƙarewa a Kano. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 sun shata iyaka a takarda, ba su hana yadi da zare da allura ketarawa ba.

Wannan matsayi shi ya sa yankin ya dace da irin wannan nazari. Makaranta da ofis na Faransanci ne, kasuwa kuwa ta fi jin Hausar Kano. Mai nazarin kalmomin aro yana iya ganin inda kowane harshe ya sa hannu, da inda ya kasa.

2. Zubin tarihi cikin kalmomin ɗinki

Ana iya kasa kalmomin wannan fanni kashi uku, gwargwadon hanyar da suka biyo.

2.1. Kalmomin asali

Duk ayyukan da hannu yake yi, da Hausar asali ake faɗinsu: kaɗi, saƙa, rini, ɗinki, yanka, haɗa, kalmasa, warware. Haka ma zare, ƙyalle, tsumma, ɓaraka da maho. Shaidar daɗewar waɗannan kalmomi ita ce yadda suke shiga kowane lungu na nahawu ba tare da tangarɗa ba. Mu ɗauki saiwar ɗink- bisa tsarin azuzuwan aikatau na Parsons (1960):

(1) a. Ta ɗinka wa jaririn riga. (aji na 1)
b. Ta ɗinke ɓarakar. (aji na 4)
c. Ya ɗinko hula daga Kano. (aji na 6)
d. Rigar nan ta ɗinku. (aji na 7)

Ɗafa-goshin ma- kuma yana ba mu mai aikin, wurin aikin da kayan aikin:

(2) a. maɗinki, masaƙi, marini
b. masaƙa, marina
c. mazari, maɓalli

Wata shaidar ita ce yadda suka fita daga ɗinki suka shiga maganar yau da kullum. Ana ɗinke ɓaraka tsakanin ƴan'uwa, ana gano bakin zaren magana, allura kuma takan tono garma.

2.2. Kalmomin Larabci

Kashi na biyu ya biyo ayarin Sahara da littattafan malamai. Greenberg (1947) ya nuna cewa da yawa daga tsofaffin kalmomin aro sun shigo tare da al- ta Larabci a manne da su:

(3) allura daga al-ibra. Almakashi daga al-miƙaṣṣ. Aljihu daga al-jaib. Alharini daga al-harir. Alkyabba daga al-ƙaba'

Akwai kuma katifa, jabba, kaftani da sutura. Abin lura a nan shi ne, waɗannan duk sunayen kayan aiki ne ko na tufafi masu daraja. Aikatau ɗin ɗinki bai canza ba. Wato Hausawa sun karɓi alluran ƙarfe da almakashi da siliki daga fatake, suka ci gaba da kiran aikin hannunsu da sunansa na gida. Lokacin da Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus, Damagaram kuma tana bisa wannan hanya ta arewa.

2.3. Kalmomin Turawa

Kashi na uku shi ne na zamanin mulkin mallaka da bayansa. Wanda ya karanta Gouffé (1971) a kan kalmomin Faransanci cikin Hausar Nijar zai zaci a nan ma Faransanci ne zai rinjaya, kamar yadda ya rinjaya a fannin mulki da makaranta. Abin ba haka yake ba:

(4) daga Ingilishi: tela, yadi, leshi, faci, ulu, filo, siket, kala

Faransanci bai samu shiga sosai ba sai a wajen awo, inda metir yake gogayya da yadi. Kalmar kwarashi tana iya fitowa daga kowanne cikin harsunan biyu, tun da Ingilishi ma daga Faransanci ya aro ta. Keke kuwa, wadda take nufin abin hawa da na ɗinki duka, ana danganta ta da Yarabanci.

Dalilin wannan rinjaye yana cikin tarihin ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar ƙasar Magarya ta kudu take fita, kuɗinta kuma ya dawo a matsayin akoko, alawayyo, atamfa da keken ɗinki. Kowace haja da sunanta take zuwa. Salon maganar nan na zamani, zaren ba kalar yadin ba ne, ya ishe mu misali: kalmomi biyu na Ingilishi da ɗaya ta asali, ba kuwa wanda yake jin baƙuncinsu a Dungas ko a Magarya.

Darasin da mai fassara zai ɗauka a nan shi ne, Hausa takan ari suna idan abin da kansa baƙo ne. Idan dabarar hannu ce da aka riga aka sani, ba ta cika ara ba. Saboda haka tambayar farko ita ce: shin dabarun nan uku baƙi ne?

3. Dabaru uku da sunayensu

3.1. Ɗinki mai ciko

« Matelassage » shi ne a shimfiɗa ƙyalle, a baza auduga a kai, a rufe da wani ƙyalle, sannan a bi da allura layi-layi har hawa ukun su zama abu ɗaya, audugar ta kasa taruwa wuri guda. Wannan shi ne ainihin yadda ake yin lifidi, ko lihidi a bakin mutane da yawa na Nijar, wato rigar kariya ta doki da mahayinsa. Kalmar ta fito daga libd ta Larabci. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Sarki Kanajeji (wajen 1390 zuwa 1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Denham ya ga mahayan Bagarmi da irinsa a farkon ƙarni na 19. Ana cika shi da auduga ko audugar rimi, kaurinsa ne yake tare kibiya. Bindiga ta kashe amfaninsa a fagen yaƙi, amma har yanzu ƴan lifidi suna fitowa a hawan salla a Kano da Katsina, haka ma mahayan Zarmakwai na Doso sun shahara da shi.

Dabarar ba ta tsaya a fada ba. Mai yin katifar auduga yana soka allura ta ratsa hawa uku don ya danne cikon. Mai yin shimfiɗar sirdi ko ta bayan jaki haka yake yi. Matar da ta ninka tsofaffin zannuwa biyu ko uku ta bi su da ɗinki don ta sami abin kwantar da jariri lokacin hunturu, ita ma haka, ko da ba ta sa auduga ba. Aiki ɗaya ne yake hannun mutane huɗu, amma a wuri ɗaya kawai ya sami suna mai zaman kansa, wato inda sarauta take.

3.2. Haɗin ƙyallaye

« Patchwork », wadda Faransanci kansa aro ya yi, ita ce a yanka ƙyallaye ƙanana a haɗa su gefe da gefe har su zama babban zane. A nan ma ya kamata mu tuna cewa kafin zuwan yadin kanti, kusan kowace tufa ta Bahaushe haɗi ce. Masaƙi yana fitar da tsiri mai faɗin ƴan yatsu, maɗinki ya jera sawaye da yawa ya haɗa su kafin a sami riga, zane ko luru. Wanda ya iya jera sawun saƙi kusa da sawun fari don ido ya ji daɗi, ya riga ya san ƙa'idar wannan aiki. Fuskar lifidi ma sau da yawa da ƙyallaye masu launi daban-daban ake yin ta.

A yau kayan aikin su ne ragowar da take zuba ƙarƙashin keken tela. Da su ake yin rigar filo, jakar yara, shimfiɗa, wani lokaci har da ƴar riga. A wasu ƙasashe wannan ɗinki ya ɗauki ma'anar addini. Mabiya Mahadi na Sudan (1881 zuwa 1898) sun sa jibba mai faci-faci alamar gudun duniya, haka ma ƴan Bay Fal na Senegal har gobe. A ƙasar Hausa bai ɗauki wannan matsayi ba, ya zauna a ɗaki, shi ya sa aka bar shi da bayani maimakon suna: a ce an haɗa ƙyallaye, ko an harhaɗa.

3.3. Ɗora ƙyalle kan ƙyalle

« Appliqué » shi ne a yanka ƙyalle bisa wata siffa a ɗora shi kan wani a ɗinke gefensa. Sarakunan Abome na ƙasar Benin sun shahara da tutoci da labulen irin wannan aiki. A Hausa, hannu yana yin wannan motsi ne wajen maho ko faci. Dukawa ma suna yin sa da fata mai launi a kan jaka da matashi. Bambancin maho da « appliqué » a niyya yake: ɗaya rufe ɓaraka yake yi, ɗaya ado. Motsin allurar iri ɗaya ne.

3.4. Inda ƙamus ya cika da inda ya rage

Idan aka kwatanta waɗannan da aikin babbar riga, sai a ga bambanci mai yawa. A can kowane sashe da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, linzami, sharaba, shafi. Wando yana da kamun ƙafa. Huluna kuma ga kube, ga zanna bukar, ga damanga, ga haɓar kada. Bargery (1934) da Abraham (1949) sun tattara irin waɗannan da yawa, Heathcote kuma ya yi shekaru a Zariya yana nazarinsu, har ya kammala kundinsa a 1979. Wannan ba abin mamaki ba ne. Babbar riga aikin maza ce, galibi malamai da almajirai, kayan kasuwa ce da kyautar sarakuna, masu ƙamus na wancan zamani kuma da malamai maza suka fi zama. Abin da ake ciniki a kansa dole a raɗa masa suna, don mai saye da mai sayarwa su fahimci juna. Abin da uwa take koya wa ɗiyarta da nuni, hannu bisa hannu, yana iya rayuwa shekaru aru-aru da « yi kamar haka ».

Duk da haka ɗakin mata bai rasa ƙirƙira ba. Tuma-ƙasa, sunan marufin kwano da ake saƙawa da kwarashi, harɗaɗɗen suna ne mai siffar aikatau da suna, irin su haɗa-kai da fasa-ƙwauri. Abin sabo ne, kayan aikinsa na aro ne, amma sunansa Hausa ce tsantsa. Wannan yana nuna cewa rashin kalma a ƙamus ba hujja ba ce ta rashinta a baki.

4. Sana'a ce ko sha'awa?

Saura kalmar da ta fi wuya, wato « loisir ». A Turai da Amurka ma'anarta ta ginu ne kan rabuwar lokaci gida biyu: lokacin aikin albashi da lokacin hutu. Ɗinkin ƙyallaye a can ya zama abin nishaɗi. Nunin da aka yi a gidan adana kayan fasaha na Whitney a birnin New York a 1971 ya taimaka wajen ɗaga darajarsa. Yau mai wannan sha'awa yakan sayi sabon yadi ya yayyanka shi don ya sake haɗawa, abin da zai ba matar Guci dariya.

A ƙauyen Hausa lokaci ba haka ya kasu ba. Damina ta gona ce, rani na sauran ayyuka. Da an kai amfanin gona rumbu, samari su tafi cin rani, masu zama su koma ga igiya, tabarma da hula. Mata kuma, tsakanin daka da girki, a da kaɗi suke yi, kamar yadda labarin Baba ta Karo (Smith 1954) ya nuna. Da zaren kanti ya kashe kasuwar kaɗi, hannun da ya saba da mazari sai ya koma ga allura da kwarashi: ɗinkin hula, zanen gado mai furanni da tsuntsaye, kayan jarirai na ulu. Renne ta nuna yadda matan birnin Zariya suka shiga aikin babbar riga a ƙarshen ƙarni na 20, aikin da a da na maza ne. Abin da aka yi, ko dai a sayar ta hannun yara ko dillaliya, irin cinikin ɓoye da Hill (1969) ta bayyana, ko a ajiye don kayan ɗakin ɗiya, ko a kai barka gidan suna. Kuɗin yakan shiga adashe, ko asusun ƙungiya irin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991.

Daga nan wasu suke yanke hukunci cewa a nan sana'a kawai ake yi, babu sha'awa. Muna ganin wannan hukunci ya yi gaggawa. Mu duba waɗannan jimloli:

(5) a. Sana'arta ɗinki.
b. Tana ɗinki.
c. Tana taɓa ɗinki.
d. Tana ƴan ɗinke-ɗinke.
e. Tana ƴan saƙe-saƙenta.

Kowane Bahaushe yana jin gangarowar da ke tsakanin (5a) da (5e). A (5a) ɗinki ne abincinta, za a iya kai mata yadi a yi ciniki. A (5c) aikatau taɓa ya rage nauyin aikin: ta iya, tana yi jefi-jefi. A (5d) abubuwa biyu suka haɗu. Ninkin ɗinke-ɗinke yana nuna ayyuka iri-iri, ƙanana, ba bisa tsari ɗaya ba, ƴan kuma yana ƙara ƙanƙantar da su. A (5e) mallakar -nta ta rufe zancen: abin nata ne, don kanta take yi, ba mai tambayar ta yaushe za ta gama. Abin da Faransanci ya dunƙule cikin suna ɗaya, Hausa ta shimfiɗa shi cikin ninki, tsigalau da mallaka. Haka ake cewa yana ƴan rubuce-rubuce, ko yana ƴan shuke-shukensa a bayan gida.

Bambanci na gaskiya shi ne, a Hausa babu katanga tsakanin matakan nan biyar. Mace ɗaya tana iya zama a (5e) bana, baɗi mijinta ya yi nisa ko hatsi ya yi tsada ta koma (5a), ba tare da ta canza allura ba. Jin daɗin aikin kuma yana nan a kowane mataki. Ana yin sa cikin hira, ana gwada gwaninta, ranar jere kuma mata sukan duba zanen gadon amarya su san hannun da ya yi shi. Wanda ya fassara « loisir » da hutu ko wasa ya ɓata wa waɗannan mata suna, domin ba hutawa suke ba. Wanda ya fassara ta da sana'a kuma ya zubar da rabin ma'anar.

5. Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan don a gwada:

(6) « matelassage »: ɗinkin lifidi, ko ɗinki mai ciko
« patchwork »: haɗin ƙyallaye
« appliqué »: mahon ado
« broderie »: aiki, ko surfani
« crochet »: saƙar kwarashi
« loisirs créatifs »: ɗinke-ɗinke da saƙe-saƙe, ko aikin hannu na sha'awa

Kowace tana da abin da za a ce a kanta. Lifidi yana tuna wa mutane doki da fada, yarinyar da ba ta taɓa ganin hawan salla ba kuma wataƙila ba ta san shi ba. Amfaninsa shi ne yana sanar da mai koyo cewa dabarar ta gida ce, mai tarihin shekaru ɗari shida. Inda bai karɓu ba, ɗinki mai ciko ya wadatar. Maho yana ɗauke da warin talauci, domin ba mai alfahari da riga mai maho. Sai an gwada a ga ko kalmar ado za ta iya wanke shi. Aiki kuma tana da faɗi ƙwarai: a riga mai aiki ma'anarta a fili take, amma a kan babin littafi tana iya rikitarwa.

Game da hanyar aiki, muna ganin abubuwa uku sun wajaba. Na farko, a fara da tambayar masu yi kafin a buɗe ƙamus, a kuma tafi da abin a hannu ko hotonsa, a bar su su kira shi da bakinsu. Tambaya irin « yaya ake cewa kaza da Hausa? » ba ta haifar da komai sai aro. Na biyu, wannan bincike na ɗalibai mata ne, domin su ne za su shiga ɗaki su zauna a bakin gado, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Na uku, a rubuta aikatau tare da sunaye. Mun ga cewa ilimin wannan fanni cikin aikatau yake, jerin sunaye kawai ba zai kama shi ba. A naɗi maganar mace tana koya wa ƙanwarta, a fitar da kalmomin daga ciki.

Akwai kuma dalilin hanzartawa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta sa yadi ya yi tsada, aka koma ga gyara da maho. Daga baya abin ya juya. Masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, atamfar Sin mai araha da gwanjo, wanda ake kira bosho, suka cika kasuwannin ƙauye. Wanda zai sami bargo da kuɗi kaɗan ba zai kwana uku yana ninka tsofaffin zannuwa ba. Idan aikin ya bar hannu, kalmarsa ba ta daɗewa a baki. Matasa nawa ne yau za su bambanta sawu da ƙwarya a maganar saƙa?

6. Kammalawa

Mun ga cewa kalmomin ɗinki a yankin Guci hawa uku ne: aikatau na asali, kayan aiki na Larabci, haja ta Ingilishi, Faransanci kuma bai wuce bakin awo ba. Mun ga cewa dabaru ukun da suka gagari ɗalibinmu suna nan a lifidi, a sawaye da maho. Mun kuma ga cewa ma'anar yin abu don sha'awa tana cikin nahawun Hausa, ko da ba ta da suna guda. Kalmomin da muka kawo a (6) shawara ce ta ofis, ba su zama Hausa ba sai matan da suke riƙe da allura sun karɓe su, ko sun ba mu waɗanda suka fi su. Ɗalibin da muka ambata ya soke kalmominsa uku, ya sa wa babin suna ɗinke-ɗinke da saƙe-saƙe. Muna fatan abokan aiki da suke da ɗalibai daga Magarya, Dungas, Wacha da Bande za su sa su tattaro abin da ake faɗi a gidajensu, don a kwatanta da na Maraɗi da na Tawa a wata fitowa ta gaba.